Wuƙaƙe Ashirin da Takwas na Lauya Tiongson

Sotero Dimayuga, wanda duk unguwar Balisong ta garin Taal ke kira Mang Teroy, ya fi shekara hamsin yana haɗa wuƙa, amma bai taɓa ƙera ruwan wuƙa ko ɗaya ba. Ba aikinsa ba ne. Haka sana'ar take a unguwar tun kakanni, wani ke dukan ƙarfe, wani ke yin ƙota. Mang Teroy mai ƙota ne. Wuƙar da ta ci sunan unguwar ƙota biyu gare ta, masu naɗewa su haɗiye ruwan a tsakaninsu, ɗan maƙulli a gindi ya riƙe su. Shi ke yanka tagulla ya lanƙwasa, ya fere ƙahon ɓauna ko ƙashin doki ya ɗora a kai, ya huda, ya buga ƙusoshi, ya yi ta guga har mutum ya ga haƙoransa a jiki. Zaman benci ya tanƙwara masa baya tun bai kai arba'in ba, kuma yatsunsa biyu na hagu ba sa miƙewa.

Ruwan wuƙar daga hannun Insyong yake fitowa, yayan matarsa Luming. Maƙerar Insyong tana bayan gida na uku, a gindin mangwaro. Ƙato ne mai murya kamar ganga, masaba ta kashe masa kunne ɗaya, don haka ko gaisuwa zai yi sai an ji shi a bakin titi. Teroy kuwa siriri ne marar magana. Insyong ne ya riƙe 'yar Teroy, Merlinda, ranar baftismarta, tun daga ranar suke kiran juna pare, wato amini, kuma shekara arba'in ba a taɓa ganin ƙotar Teroy a jikin ruwan wani maƙerin ba. Luming ke zaman rumfa a bakin titi, tana ɗinkin surfani tana jiran mota ta tsaya.

Lokacin da Teroy ya fara, yana ɗan shekara goma sha uku a gindin mahaifinsa, masu saye manoman rake ne da masuntan tafki da direbobin motar haya da ake kira jifni. Su babu ruwansu da sunan wuƙa. Mutum zai ɗauka ya buɗe, ya gwada a gashin hannunsa, ya jefa a aljihu ya ji ko tana jan wando. Yawanci matsakaiciya suke so, mai baki irin na aska, wadda za ta yanka igiya da safe, ta fere mangwaro da rana, ranar Lahadi ta kankare gemu kafin a tafi coci. Daga baya sojojin ruwan Amurka suka riƙa ratsowa, su babba suke nema, ta nunawa a gida. Aka shiga shekarun dokar soja, yawo da wuƙa ya zama abin tsoro, unguwa ta yi tsit, Teroy ya koma yankan rake har kaka biyu. Da aka sassauta sai finafinai suka ɗauka, kowane saurayi yana neman irin wadda ya ga ɗan wasa yana juyawa. Bayan nan na kamfani suka cika kasuwa, ga araha ga ƙyalli, maƙullinsu ba ya wuce mako. Rumfunan bakin titi suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Merlinda ta tafi Italiya jinyar tsofaffi, 'ya'yan Insyong suka shiga jirgin ruwa, babu wanda ya waiwayi benci.

Waɗanda suka rage suna saye da gaske su ne masu tarawa, mutanen da ke ajiye wuƙa a akwatin gilashi, ba su taɓa yanka ko lemo da ita ba. Su suka hana tukunyar Teroy yin sanyi, kuma su suka fi gajiyar da shi. Kowannensu da aƙidarsa. Wasu sun ce in wuƙa ba ta cika santimita ashirin da tara a buɗe ba, wato bente nuwebe, to abin wasan yara ce. Wani likitan haƙori na Lipa ƙananan kawai yake tarawa, kuma sai masu doro, waɗanda ƙarfensu ya tashi a tsakiya daga gindi zuwa tsini. Wani tsohon kyaftin na jirgi ba ya kallon komai sai ƙayar zakara, mai siffar ƙarfen da ake ɗaura wa zakaran faɗa. Amma a shekarun nan sarauniyar duka ita ce kris, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar sawun maciji a yashi, ita ma akwai masu cewa lanƙwasa biyar ce ta asali, akwai masu cewa bakwai. A waya suke gardamarsu, Luming ke karanto wa Teroy yana aiki, shi kuwa sai ya ce, "To," ya ci gaba da guga.

Babbansu shi ne Lauya Tiongson na Manila. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, ba ya neman ragi. Yakan zo da direba, da farar safar hannu, da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu a aljihun riga. Ya taɓa dawo da wuƙa daga Manila, tafiyar awa uku, saboda ta gaza ashirin da tara da abin da bai kai kaurin farce uku ba.

Ranar da ya dawo da ita Insyong ya ce da ƙarfi, yana zaton raɗa yake yi, "Pare, tambaye shi, in kare ya biyo shi, karen zai tsaya ya auna ne?"

Lauya ya ji, ya yi murmushi, ya ce, "Mang Insyong, ni ba na zuwa inda karnuka suke."

"Shi ya sa," in ji Insyong.

Wata Asabar, shekara biyu kafin dutsen da ke tsakiyar tafki ya yi aman wuta, Lauya ya zo da takarda ya shimfiɗa a kan gilashin rumfa. Ya ja layuka, bakwai a tsaye, huɗu a kwance. Girma bakwai yake so, daga mai tsawon yatsa har bente nuwebe, kowane girma kuma a baki huɗu: aska, mai doro, ƙayar zakara, da kris. Ashirin da takwas ke nan. Ruwan duka daga ƙarfen boris, ƙotar duka tagulla da ƙashin doki, kuma farin ƙashin ya zama iri ɗaya, kada wata ta fi wata duhu.

Ya ce, "Babu wanda yake da cikakken saiti daga hannu ɗaya. Ni nake so in fara. Ba gaggawa, Mang Teroy, ku ɗauki lokacinku."

Teroy ya dubi takardar ya daɗe. Ya ce, "Lauya, kris mai tsawon yatsa, me za a yi da ita?"

"Ba abin da za a yi da ita. Za ta kasance a wurinta ne kawai."

Insyong ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ce, "Dawakai nawa za su mutu kafin a samu ƙashi mai launi ɗaya? Ko za ka turo mana dawakan Manila, masu wanka da sabulu?"

Teroy bai so aikin ba. Ya ji nauyinsa a baya tun kafin ya amsa. Amma Luming ta ɗago daga surfaninta ta kalle shi sau ɗaya, ya ce to.

Suka fara da askar, wadda hannunsu ya sani ko ido a rufe, bakwai ɗin suka fita cikin wata uku. Masu doro suka bi baya. Ƙashin ne ya wahalar da Teroy. Yakan hau jifni ya je har mahautar da ke yanka doki a wani gari, ya tsinto ƙasusuwan ƙafa, ya dafa, ya shanya a kan kwano, kudaje su cika gidan Luming ta yi ta mita. Cikin goma da ƙyar biyu su dace da na baya. Ga sauran aikin rumfa ba a daina ba, ga ido ya fara yi masa hazo, sai ya fito da benci ƙofar gida inda rana ke bugawa. Insyong ma ƙarfen boris ba ya yi masa da sauƙi. Tauri gare shi, in an ba shi ruwa ba daidai ba sai ya tsage. Kris uku suka tsage masa a mako guda, ya jefa masaba a gindin mangwaro ya zo ya zauna kusa da Teroy yana haki.

"Pare, ubana bai taɓa yin wannan macijin ba sai sau biyu, shi ma don wani mahaukacin ɗan sanda. Wuƙar da ba ta wasuwa a dutse, wuƙa ce?"

"Ita suke so."

"Na san ita suke so. Kai me kake so?"

Teroy ya ce, "In kwanta a kan bayana ya daina ciwo."

Insyong ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ciro tasa wuƙar daga aljihu, 'yar aska mai ƙotar ƙahon ɓauna wadda suka haɗa tare shekarar da Teroy ya yi aure, ya yanka ɗanyen mangwaro ya miƙa masa rabi. Wasawa ta cinye ruwanta har ya koma kamar ganyen ciyawa.

Sun gama goma sha tara ranar Lahadin da dutsen ya tashi. Da la'asar hayaƙi ya miƙe sama daga tsakiyar tafki, ƙasa ta riƙa motsi a ƙarƙashin ƙafa, toka ta fara sauka kamar ana tankaɗe. Washegari aka ce kowa ya fita. A cikin motar da ta kwashe su zuwa wata makaranta a Bauan, Luming ta ga ƙunshin tawul a cinyar mijinta, ta taɓa ta ji ƙarfe.

Ta ce, "Ina maganin hawan jininka?"

Ya laluba aljihu. Babu.

"Ka ɗauko na Lauya ka bar naka. To in ka faɗi sai mu jiƙa maka kris ka sha."

Mako biyu suka yi a ajin 'yan firamare, iyali shida a ɗaki ɗaya, suna kwana a kan kwali suna cin shinkafa da kifin gwangwani. Teroy ya yi matashi da ƙunshin. Insyong ya zama mai ba mutane dariya, yana kwaikwayon Lauya yana auna kifin gwangwani da tsinke biyu. Da suka koma gida suka tarar toka ta jiƙe ta yi nauyi kamar siminti. Rumfar maƙera ta rushe a kan uwar maƙera, kwanon kicin ɗin Pasing, matar Insyong, ya lotsa ya tsage. Insyong ya ce kicin zai jira, maƙera ce ke ciyar da kicin. Kwana shida yana kwasar toka da shebur, ya ƙi ɗaure hanci, wai ƙyallen yana hana shi zagi. Tarin da ya kama shi a makon bai sake shi ba.

Ba su gama farfaɗowa ba annoba ta zo aka rufe hanyoyi. Titin da ke gaban rumfa ya zama wurin kwanciyar karnuka. Babu mai tsayawa, babu abin yi sai aikin Lauya, suka ci gaba da shi a hankali. A da Insyong yakan fitar da ruwa uku a yini, yanzu ɗaya yakan ci masa kwana huɗu, yana duka yana tsayawa ya dafa gwiwa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Teroy yana jin masabar daga bencinsa, kuma ya fara lura da tsawon shirun da ke tsakanin duka da duka.

Suka kai ashirin da shida. Saura kris biyu mafi ƙanƙanta, waɗanda Insyong ke ta turawa gaba saboda yatsunsa sun yi musu kauri. Da damina ta kama ya kwanta. Teroy ya je duba shi wata hantsi, ya same shi a kujerar gora a bakin taga, Pasing ta lulluɓe shi da bargo, robobi uku a ƙasan kicin suna tarar yoyo.

Insyong ya ce, muryar ta koma rabi, "Pare, 'yan macizan nan biyu sun fi ƙarfina. Ka kai wa Berting na Pandayan. Hannunsa da kyau, bakinsa ne ba kyau."

"Za ka tashi ka yi su."

"Kai ma ka fara ƙarya da tsufanka? Bar wa Lauya, shi aka biya ya koya."

Teroy ya zauna har aka kaɗa ƙararrawar tsakar rana. Ba su ƙara maganar wuƙa ba. Suka yi hirar wani zakara ja da suka taɓa yin tarayya a kansa, wanda ya gudu daga fili tun kafin a sake abokin karawarsa. Bayan kwana tara Insyong ya rasu. Saboda dokar annoba mutum goma kawai aka bari suka raka shi.

Wata biyu Teroy bai taɓa benci ba. Yakan fito da safe ya sha kofi mai ƙarfi da suke kira barako, ya zauna yana kallon titi. Unguwar ta yi masa shiru irin wanda bai saba ba. Luming ba ta matsa masa ba, sai ranar da ta share bencin ta jera masa magagarai, ta ajiye takardar Lauya a kai ta danne da dutse. Ya gane. Ya hau keke mai ƙafa uku ya tafi Pandayan.

Berting mutum ne ɗan shekara arba'in da biyar, yana da injin wasawa mai lantarki da fanka a maƙera. Ya juya kris ɗin Insyong da aka kawo masa samfuri, ya ce, "Tsoho ya iya, amma lanƙwasa ta uku ta kauce." Teroy ya bar masa aikin ya tafi. Bayan kwana biyar ya karɓi ruwa biyu, ya duba su a rana, ya ga ba su da makusa. Abin da ya fi damunsa ke nan, sun fi na Insyong daidaito. Ya yi musu ƙota da tabarau biyu a ido, ɗaya a kan ɗaya, ƙusoshin sirara kamar gashi suna ta zame masa. Ranar da ya buga ta ƙarshe ya jera ashirin da takwas ɗin a kan tawul, bai ji daɗi ba, bai ji baƙin ciki ba, barci kawai yake ji.

Luming ta ce, "Ba sai ka gaya masa na Berting ne ba. Wa zai sani?"

"Hannu ɗaya ya ce."

"Hannunka ɗaya ne ai a kan duka."

"Zan gaya masa."

Ta ce, "Na sani. Na faɗa ne don kada a ce ban faɗa ba."

Sai da aka buɗe hanyoyi sosai Lauya ya zo, shekara huɗu da 'yan watanni bayan ranar takardar. Shi ma ya tsufa, ya yi furfura, yana tafiya da sanda. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya ce yana so ya gaida matar mamacin, don haka a gidan Pasing aka shimfiɗa tawul ɗin, a kan teburin cin abinci. Teroy ya nuna ƙananan biyun ya faɗi gaskiyarsu tun kafin a tambaye shi.

Lauya ya ce, "Ba komai, Mang Teroy. Allah ya jiƙansa."

Sauƙin amsar ya ba Teroy mamaki. Lauya ya sa safarsa, ya ɗauki askar ta uku a jeri ya buɗe ya rufe, ya ɗauki ta huɗu. Masu doro ya shafa su kawai. Kris bakwai ɗin, da suka ci kusan rabin shekarun, ko ɗaya bai ɗaga ba.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau ƙwarai. Ka san abin dariya? Zaman gidan nan na annoba ya canza mutane. Yanzu a cikinmu babu mai maganar kris, wai ta 'yan yawon buɗe ido ce. Bente nuwebe ma an ce ta cika girma. Kowa ƙarama yake nema, mai bakin aska, irin ta manoman da. Ni ma da na zauna na duba nawa, na ga gaskiyarsu."

Teroy ya ce, "To."

"Zan ɗauka duka, kada ka damu. Alkawari alkawari ne."

"To, Lauya."

Pasing ta shigo da kofi da suman, dafaffiyar shinkafa mai danƙo a naɗe cikin ganye. Ta ciro wuƙar mijinta daga aljihun siket, ta buɗe da hannu ɗaya, ta tsinke zaren ganyen, ta goge ruwan a gefen zani. Lauya ya bi hannunta da ido. Ya ajiye kofinsa.

"Aling Pasing, ko zan iya gani?"

Ya cire safar kafin ya karɓa. Ya daɗe yana juya ta. Ƙahon ya dushe ya yi santsi, wurin babban yatsa ya lotsa, an sauya ƙusa ɗaya da guntun waya, ruwan ya sirance.

Ya ce a hankali, "Wannan ita ce. Shekara nawa?"

"Arba'in da uku," in ji Teroy. "Ta Insyong ce. Ba ta sayarwa ba ce."

Pasing ta juyo ta dube shi. "Wa ya gaya maka?"

"Pasing, ita ce fa kullum a aljihunsa."

"Na fi ka sani, ni ke ɗinke aljihun da take hudawa." Ta nuna kicin da haɓa, inda rana ke shigowa ta tsagar kwano. "Damina uku ina girki da laima. Ya ce kicin zai jira, ga shi yana jira, shi ya tafi abinsa. Lauya, in kana so, ni ba na son takarda a hannu. Ka aiko min da kwano da katako da mai bugawa, ka ɗauke ta."

Lauya ya dubi Teroy kamar mai neman izini. Teroy ya dubi tawul. Shi ya yi wa wuƙar ƙota, da ƙahon ɓaunar da aka yanka a bikinsa, amma ba tasa ba ce, kuma ba shi ruwa ke zuba wa a tukunya ba. Ya ce, "Ita ke da magana."

Lauya ya naɗe ta a hankicinsa ya sa a aljihun ƙirji. Ashirin da takwas ɗin direba ne ya tattara su da tawul ɗin gaba ɗaya ya kai bayan mota. Da suka tafi Teroy ya taka zuwa gida, gida uku kacal, amma sai da ya tsaya a hanya ya dafa katanga. Ba haushin Lauya yake ji ba, mutumin bai cuce shi ba. Ba kuma haushin Pasing ba. Ji ya yi kamar wanda ya ɗauki kaya ya hau tudu da su, ya isa ya tarar kasuwa ta tashi ta koma gangare.

Luming ta tambaye shi, "Ya yaba?"

"Ya yaba."

"To me ya sami fuskarka?"

"Fuskata ce haka."

Cikin mako kwanon ya iso, sabo fil, da kafinta biyu. Teroy ya je ya riƙe musu tsani. Da aka yi ruwan farko Pasing ta aiko musu da kifin tulingan da ta dafa a tukunyar ƙasa, ta ce a gaya wa Teroy ba laima ta dafa shi. Ta sayi wuƙar kicin mai ƙotar roba a kasuwa tana yanka zarenta da ita.

Lauya ya sa hoton tsohuwar wuƙar a inda masu tarawa ke gardamarsu a waya, daga nan saƙonni suka fara shigo wa Luming. Kowa ƙaramar aska yake so, ƙahon ɓauna, ba ado. Teroy ya koma yin irin wadda ya fara koya yana yaro, sai dai ruwan daga Berting yake zuwa, kuma har yanzu in ya karɓa yakan juya shi yana neman ɗan karkacen da ya saba gyarawa, ba ya samu. Wani daga Cebu ya rubuto yana tambaya ko za a iya jiƙa tasa a ruwan tsami a dusar da ƙahon, ta fito kamar ta daɗe a aljihu.

Teroy ya ce, "Gaya masa ya saya ya yi aiki da ita. In ya shekara talatin za ta yi."

Luming ta rubuta cewa Mang Teroy yana ba da haƙuri, ba ya yin irin wannan. Mutumin ya sayi biyu duk da haka.

Yanzu ya haura saba'in. Idonsa na dama ya yi yana, likita ya ce a kankare, yana ta cewa sai bayan bikin gari. Wuƙa biyu yake haɗawa a mako, wani makon ɗaya. Merlinda takan kira duk Lahadi ta ce ya bari haka, abin da take aikowa ya isa. Yakan ce mata zai bari, ƙahon da ke hannunsa ne kawai yake so ya ƙarar, kada ya lalace a banza. Ta ji wannan maganar sau da yawa har ta daina amsawa.

Ranar Laraba da ta wuce Luming ta dawo daga kasuwa ta ajiye leda a ƙarƙashin bencinsa. Ya taɓa da ƙafa ya ji ƙaho ne, manya guda biyu.

Ya ce, "Luming, wannan fa?"

"Mahauci ne ya ajiye maka. In ce masa ya zubar?"

Ta shige ciki ta ɗora ruwan kofi. Can ya sunkuya da ƙyar, ya ciro ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da magagari ya kara a kunne, ya juya shi a rana. Mai kyau ne, baƙi wuluk, babu tsaga. Ya ja tsaki kaɗan, ya jawo bencin zuwa inda hasken ya koma, ya shiga neman zarto.